Ƙahon da Na Sa Aka Yi wa Maigidana

Yaya aka yi ni da na haihu sau bakwai, na kuma san jirin da ke kama mace idan jini ya zube mata, na kasa gane wannan jirin a jikin mijina? Shekaru sun tafi ina yi wa kaina wannan tambaya. Na yi wa malamai ita, sun ce ajali ne, ni ma na yarda ajali ne. Amma ba ajalin nake tuhuma ba. Idona nake tuhuma, da ya yi shekara uku yana kallon mutum yana ƙarewa bai ga komai ba.

Malam, ka rubuta yadda na faɗa. In ka ga ina kuka kada ka dakata, haka nake yi kullum.

Maigidana masunci ne. Ƙauyenmu yana bakin fadama, gabas da Haɗejiya, kan hanyar Kirikasamma. In damina ta yi nisa ruwa kan zagaye mu ta ko'ina, sai mai gora ko mai jirgi ke iya fita. Shi da gora yake aiki, babbar nan da mutum kan kwanta a kanta rub da ciki, yana tuƙi da hannu da ƙafa, komarsa ta kamun kifi a gaba, in ya kama kifi ya jefa ta bakin gorar. Idan ruwa ya cika kuma yakan yi wa fatake fito, ya ƙetarar musu da kanwa da gishirin da suka ɗauko daga gabas. Nawa aikin banda ne. Ya kawo tarwaɗa da karfasa, in gyara, in jera a kan wuta, ranar kasuwa in aika birni. Haka muka yi zamanmu har 'ya'yanmu maza suka yi aure, matan suka tafi gidajensu.

Mutum ne baƙi ƙaƙƙarfa, mai faɗin kafaɗa. Ban taɓa ganin ya kwanta ciwo ba sai zazzaɓin damina da kowa ke yi.

Ranar da abin ya fara, da bazara ne. Yana zaune a gindin kanyar ƙofar gida yana ɗinkin koma, aka kira azahar, ya miƙe. Sai na ga ya kai hannu ya damƙi danga, ya tsaya ƙiƙam, ido a rufe. Na tambaye shi lafiya. Ya ce ƙasa ce ta karkace, bari ta dawo. Ya ɗan jima a haka, sannan ya sunkuya ya yi ta yunƙurin amai, ba abin da ya fito sai yawu. Na kawo ruwa ya kurkure baki, ya yi dariya, ya ce rana ce ta buge shi. Ni ma na ce rana ce.

Bayan kwana goma ya sake. Daga nan ya zama baƙon da ba ya aiko da saƙo. Wata rana sau ɗaya, wata rana ya yi mako biyu lafiya ƙalau. Kusan kullum sai in ya tashi daga zaune, ko ya ɗago daga sunkuyo, ko ya fito daga ruwa ya taka tudu. Yakan ce ido ya yi masa duhu, kunne ya ɗau ƙara, zuciya ta yi ta tashi. Warin kifin da ya tashi a cikinsa tun yana yaro ya fara damunsa, har na mayar da wurin banda can bayan gida.

Kowa ya zo da nasa sanin. Wani ya ce yunwa ce, yana fita ruwa bai karya ba, na riƙa dama masa kunu tun da sassafe. Wani ya ce shawara ce, aka kawo saiwa aka jiƙa, ya sha har ya gaji. Tsofaffin masunta suka ce mutanen ruwa ne ya taka wa wuri, aka yi turare, aka hana shi shiga wani gurbi da ke kusa da kukar bakin gulbi. Limaminmu ya yi masa rubutu na kwana bakwai. Akwai wadda ta ja ni gefe ta ce in bincika, kada a ce hannu aka sa masa saboda ya fi wasu kamu. Duk mun yi, ban da wannan na ƙarshe, don shi ya ce ba ya zargin kowa.

Sai wanzami. Wanzamin ƙauyenmu ɗan gwaggon maigida ne, taubashinsa, tare suka tashi, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ya zo yi masa aski, ya ji labari, ya dafa ƙeyarsa, ya ce wannan ai a fili yake: jini ne ya yi masa yawa, ya mutu, ya taru a wuya, shi ke hawa kai yana juya shi.

"Kai da ka ƙi ƙaho shekara da shekaru don tsoron aska," in ji shi. "Ƙato da kai, kana kokawa da giwan ruwa, amma ka ga aska sai ka tuna kana da aiki."

Maigida ya ce, "Askar ba ta ba ni tsoro. Mai askar ne ban yarda da shi ba."

Suka yi ta dariya. A ranar aka yi na farko. Wanzami ya zaunar da shi a kan turmi, ya aske ƙeyar, ya kafa ƙaho biyu ya zuƙa, ya cire, ya tsattsaga wurin, ya mayar ya sake zuƙa. Da ya juye a ƙasa sai ga jini baƙi ƙirin, guda-guda. Ya kira ni in gani. Ya ce wannan shi ne mataccen jinin, dubi abin da mutum yake yawo da shi. Na duba, na yi hamdala. Wallahi hamdala na yi.

Kuma ya samu sauƙi, abin da ya rufe mini ido ke nan. Duk ranar da aka yi ƙaho, wanzami kan ce ya kwanta kwana biyu kada ya shiga ruwa saboda tsagar, a kuma ba shi romo. Sai in yanka kaza ko in yi farfesun kifi, in sa shi gaba ya cinye. Ya kwana biyu a inuwa yana ci yana barci, ya tashi garau. Ni kuwa sai in ce ƙaho ne. Ban taɓa kawo wa raina cewa kwanciyar ce da romon ba.

Da farko sai an yi wata uku ake sakewa. Daga baya ya koma duk wata, domin jirin ya riƙa dawowa da wuri, ya kuma ƙara ƙarfi. Ƙaho biyu ya zama huɗu. Ni ce mai aikawa a kira wanzami, wani lokaci ma ni da kaina nake zuwa ƙofar gidansa. Maigida ya fara ramewa, yana haki in ya ɗauko gora daga bakin ruwa, tafiyar da ba ta kai a ambata ba. Ya riƙa jin sanyi da rana tsaka. Na ga duk wannan. Fassarar da na yi masa ita ce mataccen jinin ya yi yawa, ba a kai ga kwashe shi ba.

A shekara ta uku, da ruwa ya janye aka buɗe babban gurbi don su, wato kamun kifi na gayya, duk ƙauyukan kewaye suka hallara. Na roƙe shi ya bari 'ya'yansa su shiga. Ya ce tunda ya yi wayo ba a taɓa buɗe gurbin nan ba ya ciki. Ina tsaye a bakin gaɓa tare da mata, ina hango shi. Ya ɗago koma, ya ɗaga kai, sai kawai na ga ya sulale daga kan gorar kamar an zare shi. Gorar ta ci gaba da yawo ita kaɗai. Mutumin da ya koya wa rabin ƙauye iyo, shi aka tsamo daga ruwan da bai kai wuya ba.

Aka kawo shi gida a kafaɗa. Ya amayar da ruwan da ya sha, ya dawo hayyacinsa, ya kwanta. Washegari na ce zan kira wanzami. Ya ce in bari. Ya faɗa a hankali, fuskarsa na kallon bango: in bar shi haka, ba ya jin jikinsa zai ɗauka, kowane ƙaho yanzu sai ya ji kamar an zare masa ƙashi. Na ce tsoron askar nan ne ya dawo. Ya ce ba wasa yake ba.

Malam, rubuta wannan da kyau. Ya ce kada in kira, na fita na kira. Na kuma ce wa wanzami a ƙofar gidansa, ba wanda ya sa ni, wannan karon ya ƙara ƙahon, a kwashe abin nan gaba ɗaya mu huta.

Da ya ga mun shigo tare, dubana kawai ya yi, ya tashi zaune da ƙyar, ya ba da ƙeya. Ƙaho shida aka kafa, biyu a wuya, huɗu a gadon baya. Wanzami yana ta jansa da wasa, yana cewa an ce jiya ka je gaishe da kifaye a gidansu, shi ko murmushi bai yi ba. Da aka juye na farko, jinin ba baƙi ba ne. Tsararo ne, ja-ja, kamar ruwan da aka wanke nama. Kafin a cire na huɗu kansa ya langaɓe, ya zube gefe ɗaya daga kan turmin.

Ihun da na yi ne ya jawo wata tsohuwa daga gidan maƙwabta. Babarbariya ce daga wajen Birniwa, ta zo wajen sun tare da 'yarta don sayen kifi, ta sauka a nan. Ashe ungozoma ce a garinsu. Ba ta tambayi kowa izini ba. Ta ture mu, ta kwantar da shi a ƙasa, ta ɗora ƙafafunsa a kan turmin, ta ce wa wanzami ya cire sauran ƙahonin ya danne tsagar. Da maigida ya buɗe ido, ta sa yatsa ta ja fatar idonsa ta ƙasa. Ta buɗe leɓensa. Ta kama hannunsa ta shimfiɗa tafin kusa da nawa.

Nawa ja ne. Nasa fari fat, kamar cikin sabuwar ƙwarya. Cikin idon ma haka, dasashin ma haka. Shekara talatin da wani abu ina miƙa wa hannun nan abinci, ban taɓa juya shi na duba ba.

Ta ce, da Hausarta mai nauyi, "'Yata, wannan bawan Allah ba shi da jini. Wa yake ɗibar masa?"

Ƙahonin suna zube a gabanta.

Ta ce ita ba ta san ciwon maza ba, amma wannan fuskar ta san ta, ta sha ganinta a wajen matan da jini ya ɓalle musu bayan haihuwa. Mace ta tashi, ido ya yi duhu, kunne ya yi ƙara, zuciya ta yi ta tashi, ƙirji yana bugu. Tana faɗa ina ji, labarin kaina take ba ni. Haihuwata ta biyar haka na yi. Kwana arba'in ban iya miƙewa ba sai na dafa bango. Ba wanda ya ce jini ya yi mini yawa. Kunun kanwa aka ɗura mini, da gasasshiyar hanta, da romo, har na dawo. Na san abin nan a jikina, na san maganinsa. Don dai ya zo a jikin namiji, ban gane shi ba.

Tsohuwar ba ta tsaya nan ba. Ta ce ƙaho kaɗai ba zai fara wannan ba, tunda jirin ya riga ƙahon zuwa. Ta dubi maigida ta tambaye shi, a gabana, yaya fitsarinsa yake. Kunya ta kama shi, ya kawar da kai, ya ce kamar na kowa.

"Na kowa wane iri, ɗana?"

Ya ce ja.

Ta ce tun yaushe. Ya ce tun yana yaro, ai tsargiya ce. Sai dai shekarun nan ya ƙaru, har da gudaji, wani lokaci kuma yana gani in ya zaga bayan gida.

Ta riƙe baki, ta dube ni, ta dubi wanzami. Mu kuma muka dube ta, don ba mu ga abin mamaki a farkon maganar ba. A wajenmu mutanen ruwa, wane namiji ne bai yi fitsarin jini ba? Yaro in ya fara, tsofaffi dariya suke yi, su ce ya kama hanyar zama namiji. 'Ya'yana duka sun yi. Ba ma lissafa shi cikin ciwo, balle mu lissafa shi cikin jinin da ke fita daga jikin mutum. Ta ce su a tudu in mutum ya ga haka, a ranar ake neman magani. Ta ce jini jini ne, ko ta ina ya fita, ya fita.

Ban san na zauna a ƙasa ba. Mutum yana zubar da jini kullum ta hanyar da ban gani ba, don a gulbi yake wanke bantensa da kansa, kuma ba maganar da miji zai yi wa matarsa ba ce. Ni kuma duk wata ina kiran a zo a ƙara ɗiba ta baya.

Wanzami ya tattara kayansa. A bakin ƙofa ya tsaya ya gaya mini abin da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ya ce tun bara ya lura jinin ya daina yin baƙi, ya tsinke. Ya ɗauka bai kai ga mataccen ba ne, ya yi zurfi, shi ya sa ya riƙa ƙara nitsa askar. Ya faɗa, ya fashe da kuka, dattijo da furfurarsa. Ban tuhume shi ba. Da wane bakin?

Tsohuwar ta kwana uku kafin su koma, ta koya mini abin da na riga na sani. A yi masa jego kamar mace, in ji ta. Hanta, romon ƙashi, nono, kunun kanwa, miyar zogale da ta rama. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa, don cikin ba zai riƙe da yawa ba. In zuciya ta tashi, a ba shi citta ya tauna ko ruwan tsamiya ya kurɓa. Kada ya miƙe kai tsaye: ya juya gefe, ya zauna, ya jira, sannan a kama shi. In jirin ya zo, ya kwanta a ɗaga ƙafafun. Ba rana, ba ruwa, ba aska ko ta aski. Da za ta tafi na bi ta har bakin hanya na tambaye ta ko zai tashi. Ta ce Allah ke tayarwa, amma da an fara wannan tun shekarar farko da ta fi sakin baki.

Na yi duk abin da ta ce. 'Ya'yansa suka riƙa zuwa birni suna kawo hanta daga wajen mahauta. Kwana goma na farko har na sa rai, ya zauna da kansa, ya nemi a kawo masa komarsa ya duba inda ta yage. Kowace safiya in kama hannunsa in buɗe tafin, shi kuma ya bar ni, wani lokaci ya ce me na gani yau, arziki ko tafiya. Amma farin bai gushe ba. Tsagar ƙahon ƙarshe ta ƙi warkewa. Sai ƙafafu suka kumbura, ciki ya biyo baya, abinci ya daina zama. Duk tsawon kwanakin nan bai taɓa tayar da maganar ranar da na saɓa masa ba. Ni ma na kasa. Sau da yawa nakan buɗe baki in nemi gafara, sai in ce masa ga kunu.

Da jiki ya yi tsanani aka aika Miga aka gaya wa yayarsa, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta iso da hantsi, ranar Alhamis. Ta shiga ɗaki, ta ga yadda ya koma, ta yi salati. Muka kama shi tare za mu juya shi, rigar ta yaye, ta ga bayansa. Tabo a kan tabo, daga ƙeya har tsakiyar baya, ga sababbi shida suna ruwa. A hanya an riga an ba ta labarin abin da tsohuwar ta faɗa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo gare ni, ba da faɗa ba, muryarta a ƙasa, ta ce mutum ya faɗi a ruwa jiya, yau a zo a yi masa wannan. Ta ce tana so ta san wanda ya kira wanzamin.

'Ya'yana maza biyu suna bakin ƙofa, matansu suna bayansu. Ba wanda ya san yadda aka yi a ranar sai ni da shi da wanzami. Na san in na faɗa, da wannan za a riƙa kallona har in mutu, a gidan nan da na haifi kowa. Duk da haka na yi niyyar faɗa. Na ce, "Yaya," sai na ji ya kama bakin zanena.

Tun daren jiya bai yi magana ba, mun ɗauka ma ba ya jin mu. Ya buɗe ido, bai dubi yayarsa ba, ni ya duba. Abin da ya faɗa ba haka aka yi ba, ya sani, na sani. Bai ƙara ce mini komai ba bayansa. Kafin azahar liman ya shigo yana laƙƙana masa kalmar shahada, ya cika. Na bar maganar a yadda ya ajiye ta har yayarsa ta rasu, har wanzami ya rasu, sai yau da nake gaya maka, don ba na so in tafi da ita. Ya ja zanen nawa kaɗan, ya ce:

"Ke, me kike ɓoyewa? Ba ni na aike ki ba? Ni na ce ki kira shi."